Rabon Ruwa

Juma'a, 4 ga Afrilu, 2025

Isa mai tsoffin ƙarafa ya aiko a kira ni kasuwa, wai ya samo mini irin kayan haukana. Haka yake faɗa ko a gaban wa, ni kuma ban taɓa musa masa ba. Mace mai shekara sittin da biyu ta zauna tana tara wuƙaƙen aljihu, wane suna za a ba abin? Shekara talatin da ɗaya na yi ina miƙa wa likitoci aska da almakashi a ɗakin tiyata, da na yi ritaya sai hannuna ya ƙi sabawa da zama babu ƙarfe. Abokan aikina sun koma kiwon kaji. Ni ga inda na faɗa.

Ta yau ita ce ta arba'in da bakwai. Mai naɗewa ce, ƙirar maƙeran da, ƙusa ɗaya tak ta riƙe ta. Ruwan wuƙar ya sha wasi har ya sirance. Amma ƙotar! Faffaɗa, doguwa, baƙa wuluk, tana ƙarnin kifi da hayaƙi. Isa ya ce a buhun tarkacen da aka kawo masa daga ƙasar Ngaski ya tsince ta. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa 'yar wuƙa ƙota mai faɗi haka ba, kuma ban ga dalili ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na baje su duka a kan tabarma don in samo mata 'yar'uwa. Mai ƙahon san nan da na samo wurin wani Bafulatani a Shanga, wadda in an ɗaga ta ga rana haske ke ratsa ta. Masu ƙotar icen kanya guda shida. Masu ƙirya, ja-ja-ja, masu nauyi. Mai ƙashin raƙumi. Biyun nan da aka yi wa zoben tagulla. Har yanzu in na jera su sai in ji ƙirjina ya cika. Kowace ɗaya wani ya zauna ya dubi ice ko ƙaho, ya ga ƙota a ciki tun ba a fere ba. Ikon Allah.

Babu wadda ta yi kama da baƙar. Ba ice ba ce, ta yi nauyi da yawa, kuma in na kara ta a kumatu sanyi nake ji. Kusa da ƙusar akwai inda ta ɗan ɓantale. Na sa tabarau. Fari nake gani a ƙasa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Subhanallah.

Tun bayan karin kumallo na ɗora ruwan zafi. Sabulu bai yi kome ba, sai da na ɗauko tsohuwar aska na shiga kankara. Baƙin nan ba shafe ɗaya ba ne, hawa-hawa yake fita, a cikinsa har da wani siririn zare da aka naɗe tam, da wani abu mai ƙamshin turare in ya ji zafi. Na ce oho, wani ya taɓa ɗaure ta da ta tsage. Na warware zaren na zubar. Babu tsaga ko ɗaya.

Haƙorin dorina ne. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, a hannun wani tsoho a Birnin Yauri, shi ma bai bari na taɓa ba. Na bi da sanfefa mai laushi, na shafa man kaɗanya, sai ga shi fari mai ɗan ruwan madara, da wasu layuka sirara da ke bin tsawonsa. Dabbar da ke kife jirgi da mutum goma, ga abin bakinta a tafin hannuna, sumul. Na daɗe zaune ina kallo har aka kira azahar ban tashi na share tarkacen ba.

Wane irin mutum ne zai samu wannan ya bar shi cikin dauɗa? Allah ya sa ta faɗo hannun da ya san darajarta.

Talata, 8 ga Afrilu

Ban fita ba. Na aika wa ɗiyata Fiddausi hoto, ta ce Inna, da jikokinki kike kallo haka da sun yi ƙiba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na yi baƙuwa.

Christiana sunanta, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, daga wata tunga a bakin tafki kafin a kai Wara. Isa ne ya kwatanta mata gidana. Ta ce mahaifinta ya kwanta asibiti wata guda, ita kuma ta share ɗakinsa ta tattara tsoffin ƙarafa ta ba masu sayen tarkace, ba ta san wuƙarsa na cikin wani gwangwani ba. Tun da ya dawo gida babu abin da yake tambaya sai ita. Ba ya gani, shekara tara ke nan. Kwana goma ta yi tana bin sawun buhun nan daga hannu zuwa hannu har Yelwa.

Gaskiya, da farko na so in ce ban san zancen ba. A nan dai zan iya rubutawa. Amma kunya ta hana, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so ta ga aikin da na yi. Na ɗauko a cikin ƙyallen fari na buɗe mata, ina jiran ta yaba.

Ta ce a'a, ba ita ba ce, tasu baƙa ce. Sai ta buɗe ruwan wuƙar ta ga wani ɗan giɓi a gindinsa. Ta juya ƙotar, ta sake juyawa.

“Hajiya, mi kinka yi mata?”

Na ce wanke ta na yi. Ba ta ƙara magana a kai ba, sai godiya, irin godiyar da ake yi wa wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Na ce ba zan ba ta ba, ni da kaina zan kai wa tsohon. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Mun tsayar da Talata.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Dauɗa na wanke. Shekara talatin da ɗaya ana yaba mini a kan wanke ƙarfe. To me?

Talata, 15 ga Afrilu

Mota har mararraba, daga nan babur. Rabona da in tsaya bakin tafkin ta wannan gefe tun ina budurwa. Daga Yelwa kogi kake gani, kana hango ƙetare. A nan ruwa ne har inda ido ya gaji, jiragen masunta can tsakiya ba su fi ƙwayar gero ba. Na tsaya ina tasbihi har mai babur ya tambaya ko lafiya.

Baba Ishaya yana zaune a gindin maje, ɗan tsamurmurin tsoho, ya haura tamanin. A reshen da ke bisa kansa an rataye raga da aka saƙa rabi, sauran zaren na naɗe a allurar katako. Na gaishe shi na durƙusa. Christiana ta ce ga Hajiya Zuliha da wuƙar ta faɗa hannunta. Ya yi mini maraba sosai, ya miƙo tafin hannu.

Ban taɓa ganin yatsu suna kallo ba sai yau. Ya bi ruwan wuƙar, ya sami giɓin, ya gyaɗa kai. Ya sauko kan ƙotar, sai yatsun suka tsaya cak. Ya zagaye ta da babban yatsa da manuni. Ya kai hanci ya shinshina. Ni kuwa bakina bai mutu ba, ina ta bayanin haƙorin dorina ne, abu mai daraja, da ba a san da shi ba.

Ya ce ya sani. Babansa ne ya tsinci haƙorin a kan yashi, a tsibirinsu, tun kafin a datse kogin ruwa ya cinye garin.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Cewa ya yi a sauko masa da ragar. Ya ɗora ƙotar a bakin saƙar, ya zagaya zare a kanta, ya ƙulla, ya zagaya, ya ƙulla, har ya yi ido kamar goma, sannan ya zare ƙotar. Sai a lokacin na gane faɗin nan. Ƙotar ita ce ma'aunin idon raga. Ruwan wuƙar na yanke zare ne kawai.

Ya ce in sa yatsu uku a tsohuwar saƙa. Suka shiga, har ina iya motsa su. Ya ce in sa a sabuwa. Suka shiga da ƙyar.

Masunta da yatsu suke auna ido, in ji shi, yatsa biyu, yatsa uku. Amma na gidansu yatsa uku ne da ɗan wani abu. Babansa ya fere haƙorin daidai yatsa uku, sannan ya yi ta naɗa zare yana shafa ƙaron maje yana gwadawa a ruwa, damina biyu, har ya sami faɗin da karfasar da ba ta taɓa yin ƙwai ba za ta ratsa ta wuce. Wannan ɗan ƙarin shi yake kira rabon ruwa. Ba shi da lamba, ba a rubuta shi ko'ina ba.

“Abin da kinka kankare ba dauɗa ba ce, ɗiyata. Hannun babana ne, da nawa bisa nashi.”

Ya sa wuƙar ya yanke ido goman nan da ya yi. Ya ce wannan ragar ita ce ta ƙarshe, ya sani, jikinsa ya gaya masa. Yanzu kowa ta kanti yake saye. Amma a gidansu ba a taɓa binne mutum an bar ragarsa rabi a rataye ba, kuma ba zai ƙarasa ta da idon da zai kama 'ya'yan kifi ba.

Na yi gyaran gangar Auzinawa. Kuka na yi a bayan babur, mai babur ya ɗauka ƙura ce.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na tona juji ina neman zaren. An riga an ƙone.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na koma da siririn zare da ƙaron maje da na samo wurin masu turare. Tunda rabin ragar na nan, ma'aunin bai ɓace ba, na ce sai a mayar da ƙotar ta cika idon. Na narka ƙaro, na naɗa zare layi bisa layi yadda nake naɗa bandeji, in miƙa masa, ya zura a tsohon ido, ya ce saura. Sau biyar. A na shida ya daɗe yana juyawa, ya ce kauri ya dawo.

Na yi hamdala da ƙarfi. Ashe da sauran rina a kaba. Da ya fara saƙa, zaren ya ƙi zamewa daga ƙotar. Tsohuwar ta yi santsi da man kifi da gumi da hayaƙin shekara sittin da wani abu, ido na sulɓewa da kansa. Tawa kuwa kaushi gare ta, kowane ido sai an ja da ƙarfi. Ƙarfin ne babu. Tun ciwon nan hannunsa na dama ke rawa.

Christiana na ta dakan shinkafar Ista. Ta ba ni tuwo da miyar tarwaɗa, na ci ina jin kamar ban cancanta ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Layi uku ya yi a mako guda. Da, in ji Christiana, kafin rana ta take ya yi ashirin. Saura kamu bakwai a ragar. Na yi lissafi a zuci na daina.

Ina kallonsa yana kokawa da zare, gumi na zuba, sai na ji bakina ya ce Baba, kawo in riƙe maka. Ya yi dariya har da tari. Ya tambaya ko na taɓa ƙulla wani abu ban da ɗankwali. Raina ya ɗan sosu. Na ce ni da na ga an ɗinke cikin mutum ya fi sau dubu, na kuma ɗinke fata da hannuna? Ya ce to, fata ba ta iyo.

Ya sa aka kafa mini ƙusa a jikin majen, aka ba ni ragowar zare. Ragarsa dai ya ce ko inuwata kada ta taɓa. In ya gaji ya miƙo mini wuƙar in yi gwaji a nawa. Na yi ido ashirin ina jin kaina. Ya shafa sau ɗaya, ya ja, duk suka zame. Ƙullin asibiti ne, in ji shi, na wanda zai kwanta a gado.

Asabar, 3 ga Mayu

Ya yanke duka.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya yanke duka ban da huɗu. Na dawo gida ina murna da ido huɗu kamar an ba ni kujerar Makka.

Yatsuna sun yi kanta. Kullum in an gama, Christiana ta shafa wa ƙotar man kifi ta rataye a bisa bandar da take ƙyafe kifi. In na karɓa a zuwana na gaba sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayin neman sabulu. Ina danne shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na kwana biyu a tungar. Da safe mijin Christiana ya ce in zo in ga wani abu. Ruwa ya ja baya sosai, kututturan itatuwan da tafki ya shanye sun fito, baƙaƙe, tsaye cikin ruwa. Ya shimfiɗa wata tsohuwar ragar Baba a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya zagaya ya koro kifi.

Na shiga har zanina ya jiƙe. Manyan karfasa suka zo suka maƙale. Ƙananan kuwa, masu faɗin yatsa uku, sai su iso, su ɗan karkata, su sulɓe ta cikin ido su wuce, ɗaya bayan ɗaya, cikinsu na walƙiya. Da ƙyar suke wucewa, amma suna wucewa. Tazarar ba ta fi kaurin ƙwayar shinkafa ba. Wani mutum da bai taɓa shiga aji ba ya zauna a tsibirin da yanzu ke ƙarƙashin wannan ruwa, ya auna wannan tazara da zare da ƙaro, kuma ga ta tana aiki a gabana bayan ya mutu da shekara arba'in. Tsigar jikina ta tashi. Na ce Allahu Akbar.

Da na ba Baba labari ya ce ai waɗanda suka wuce yau su za a kama baɗi, da 'ya'yansu a bayansu. Ya faɗa kamar mai cewa gobe Asabar.

Asabar, 24 ga Mayu

Layi biyu cur bai yanke ba. Bai yaba ba, ya dai ce in ci gaba. Shi kuwa yau allurar ta faɗi daga hannunsa sau uku. Saura kamu shida da rabi.

Alhamis, 29 ga Mayu

Christiana ta bugo. An kai Baba asibiti a Wara, numfashi.

Asabar, 31 ga Mayu

Na duba shi, na san abin da na gani. Irin wannan ƙirjin na sha gani. Zai iya tashi, amma hannun nan ya gama saƙa.

Na biya tungar tare da Christiana ɗaukar masa kaya. Ragar na rataye, iska na kaɗa ta. Ta sauko da ita ta ajiye a gabana, ta ɗora wuƙar a kai. Na ce ya hana. Na ce sau ɗaya na taɓa kayansa ba da izni ba, ga inda ta kai mu.

“Hajiya, in kin jira shi ba ki izni, wagga raga rabi za ta kwana bayanshi. In ta ɓaci shi yanke. Ai ya iya yanka.”

Na yi alwala, ban san dalili ba. Na yi bisimilla na ɗora ƙotar a bakin layinsa na ƙarshe. Na ƙulla ido na farko.

Talata, 3 ga Yuni

Ina tungar har yanzu. Kowane layi sai na bi shi da yatsu uku, ido rufe. Na yanke na kaina sau biyu.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na je gida Sallah na dawo da cinyar rago. Kamu biyu na yi. An ce gobe za a sallame shi. Tsoro nake ji, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba tun jarrabawar makarantar jinya.

Talata, 10 ga Yuni

Da hantsi aka fito da shi gindin majen, aka jingina shi da filo. Ya rame ƙwarai. Ko kunu bai gama sha ba ya ce a ba shi ragarsa. Christiana ta dube ni, ta sauko da ita. Babu wanda ya gaya masa kome.

Ya fara daga sama. Yatsun na tafiya a hankali, suna shiga ido suna fita, suna jan ƙulli. Na san daidai inda saƙarsa ta ƙare, na ƙirga, layi na ɗari da goma sha huɗu. Ina kallon yatsun suna matsowa. Na daina numfashi.

Suka wuce.

Ya ci gaba har ƙasa, har inda allurar take. Nan ya tsaya. Ya auna tsawon da kamu, ya sake aunawa. Sai ya koma sama ya sake biyowa, wannan karon a hankali ƙwarai. Sau uku yana hawa yana sauka. Kaji na ta tono kusa da mu, wani na gyaran injin jirgi a bakin ruwa, ni dai zuciyata kawai nake ji.

Can ya ɗan yi murmushi.

“Tsuhwa ya kama ni. Na mance inda nit tsaya.”

Mutumin da ke tuna yawan itatuwan da ke tsibirinsu. Ya lalubo wuƙar a kan tabarma, ya zagaye ƙotar da yatsu biyu yadda ya yi ranar farko, ya daɗe. Sannan ya turo ta gefen da nake zaune, ko da yake ban yi motsin da zai san ina nan ba. Ya ce saura kamu huɗu da rabi, kuma rana na yi.

Ko bai ji wurin ba ne, ko ya ji ya rufa mini asiri, ban tambaya ba. Na ɗauka na ci gaba. Christiana ta shige ɗaki da sauri, wai ta bar tukunya a wuta.

Asabar, 21 ga Yuni

Isa ya aiko, wai an kawo wata mai ƙahon barewa, in zo kafin wani ya riga ni. Na ce ya gaishe ta. Ba wai na daina ba ne, aiki ne ya yi yawa.

Saura kamu ɗaya. Baba yana barci yawancin yini, amma in na tsaya shan ruwa sai ya buɗe baki ya ce bai ji ƙarar zare ba. Yau ido ya fara sulɓewa da kansa, ba sai na ja ba. Na duba ƙotar. Ta fara baƙi a daidai inda babban yatsana yake zama.